Motar da ke kai rahoton mai ita

Wani mai Chevrolet Bolt a yankin Seattle na Amurka ya ga kuɗin inshorar motarsa ya hau da kashi 21 cikin 100, alhali bai taɓa buge kowa ba. Da ya matsa da tambaya, sai wani dillalin inshora ya ce masa rahotonsa da ke kamfanin LexisNexis, mai tara bayanan mutane yana sayarwa, na cikin dalilan, shi kuma ya nema. Aka turo masa takarda mai shafi 258. A ciki akwai tafiya 640 da shi da matarsa suka yi cikin wata shida: ƙarfe nawa aka tada mota, ƙarfe nawa aka kashe ta, nisan da aka ci, sau nawa aka danna birki da ƙarfi, sau nawa aka fizge ta. Ba wanda ya bi shi da biro da takarda. Motar ce da kanta take kai rahoto ga General Motors ta na'urar OnStar, shi kuma kamfanin yana miƙa wa dillalan bayanai. Jaridar New York Times ce ta tona wannan a watan Maris na 2024.

Ra'ayina a nan ba shi da lanƙwasa: wanda ya zuba kuɗinsa ya sayi mota yana da ikon rufe mata baki. Ba mai laifi kaɗai ke ƙin a riƙa ƙirga masa inda ya kwana ba. Wuraren da mota ke tsayawa su ne labarin mai ita kaf, daga asibitin da yake zuwa duk Laraba, da masallacin da yake Juma'a, har gidan da ya fara zuwa zance iyalinsa ba su sani ba tukuna. Sai dai rufe bakin aiki ne mai tarko, domin masu ƙera motoci sun ɗaure abubuwan amfani a jikin na'urar da ke kai rahoton, kuma masu cewa "zare fiyus kawai" ba kasafai suke faɗin abin da ke biyo baya ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne arahar da ake sayar da mutum. A watan Yulin 2024 sanatocin Amurka biyu, Ron Wyden da Ed Markey, sun bayyana cewa Honda ta ba Verisk, wani dillalin bayanai, bayanan motoci 97,000 a kan dala 25,920, wato senti 26 kowace mota. Hyundai ta ba da na motoci miliyan 1.7, kowace a kan senti 61. Ko kofin shayi wannan ba zai saya ba a can. Tun a 2023 gidauniyar Mozilla ta duba ƙa'idojin sirri na samfurin motoci 25, ba ko ɗaya da ya tsallake. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta ce General Motors na ɗaukar wurin da wasu motocin suke duk bayan daƙiƙa uku, ta kuma sanar da matakin hana kamfanin ba irin waɗannan dillalai bayanan tuƙi har shekara biyar.

Ko kamfani ya rantse ba zai sayar ba, abin da aka tara wata rana sai ya zube. A 2023 Toyota ta amsa cewa bayanan wurin motocin mutane miliyan 2.15 a Japan sun yi kusan shekara goma a buɗe a intanet saboda kuskuren saiti. A ƙarshen 2024 aka gano irin wannan a motocin lantarki kusan 800,000 na rukunin Volkswagen. Masu binciken tsaro sun shiga rumbun ma'aikatan Subaru, suka tarar da tarihin zirga-zirgar mota na shekara guda cur. Kuma ƙofar da bayanai ke fita, ta nan ɓarawo ke shiga: a 2015 Charlie Miller da Chris Valasek sun karɓe ikon wata Jeep Cherokee daga nesa tana kan babban titi, abin da ya sa aka janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Ita kanta gwamnatin Amurka ta san haɗarin, tunda a Janairun 2025 ta kafa dokar hana manhajar sadarwar mota ta China da Rasha shiga kasuwarta. Wato leƙen asiri ne idan na waje ya yi, idan na gida ne kuma sunansa hidima.

Masu kare na'urar suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Idan mota ta wuntsila cikin dare a hanyar da ba kowa, jakar iska ta fashe, direba ya suma, wannan na'urar ce ke kiran agaji ta faɗi wurin. Rai ne wannan. Amma Turai ta nuna cewa ba dole a haɗa ceton rai da cinikin bayanai ba. Tun 31 ga Maris 2018 duk sabon samfurin mota a Tarayyar Turai sai da tsarin eCall, wanda doka ta ce ya kwanta shiru, kada a bi sawun mota da shi, sai an yi haɗari ko an danna maɓalli sannan ya kira lambar gaggawa ta 112 ya aika wuri da lokaci da lambar shasin mota. Ke nan raba su mai yiwuwa ne. Idan kamfani ya cusa kiran agaji da rahoton tuƙi a akwati ɗaya, a kan fiyus ɗaya, zaɓinsa ne, kuma zaɓin ya sa duk mai son sirrinsa sai ya biya da lafiyarsa. Abin da ya kamata doka ta tilasta shi ne makunni na zahiri, wanda hannu ke taɓawa, da zai kashe aika bayanai ya bar kiran agaji.

Kafin a samu wannan, mai mota ya san abin da zai taɓa. Abubuwa uku ake cakuɗawa. Akwai GPS, wanda kunne ne kawai: yana sauraron taurarin ɗan'adam ya lissafa inda yake, ba ya aika komai. Akwai ma'ajiyar bayanan haɗari da ke cikin ƙwaƙwalwar jakar iska, wadda ke riƙe 'yan daƙiƙoƙin da suka gabaci karo. Ita ma ba ta da baki sai an jona mata waya, kuma ba abin taɓawa ba ce. Mai bakin ita ce ta uku, wato akwatin sadarwa mai layin waya a ciki. Ford da wasu na kiran ta TCU, Toyota da Subaru na cewa DCM, a General Motors ita ce na'urar OnStar. Girmanta bai wuce ƙaramin littafi ba, tana ɓoye bayan rediyo, ko bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, ko a gefen but, wasu kuma a rufin mota ƙarƙashin eriyar nan mai kama da ƙayar bayan kifi. Layin nata ba sim ɗin da ake zarewa da allura ba ne, a like yake da dalma a jikin allon.

A fara da abin da ba ya buƙatar sifana. A shiga saitin allon mota a kashe duk wani raba bayanai, a shiga manhajar kamfanin a janye amincewa, musamman duk abin da ke ba direba maki ko ke ambaton inshora, sannan a rubuta wa kamfanin a nemi ya kashe layin ya goge abin da ya tara. Wannan yana rage yawa, amma magana ce ta yarda. Ƙarewar kuɗin rajista ba ta nufin na'urar ta mutu, hidimar kawai aka yanke maka, kuma sabunta manhaja na iya mayar da saitin yadda yake a da.

Mataki na gaba fiyus ne. A Toyota da dama akwai fiyus mai amfiya 7.5 da aka rubuta wa DCM a akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari. Aikin minti biyu ne, kuma ana iya mayarwa. Tarkonsa uku. Na farko, a wasu motocin fiyus ɗin na tarayya ne, yana ciyar da wani abin daban, don haka a duba taswirar wayoyin wannan samfuri na wannan shekara, ba ta ƙanwarsa ba. Na biyu, akwatin yana da ɗan batirinsa a ciki, wanda aka sa domin ya iya kiran agaji ko karo ya tsinke babban batir, saboda haka ba nan take yake yin shiru ba. Na uku shi ne wanda ke ba mutane mamaki: makirufon mota ta cikin akwatin yake bi kafin ya isa rediyo. Da an zare fiyus, kai kana jin mai kiranka ta Bluetooth, shi ba ya jin ka. A Subaru da wasu Toyota har wayar lasifikar gaba ta nan take ratsawa, domin a iya katse kiɗa a sako muryar mai agaji, shi ya sa cire akwatin gaba ɗaya ke kashe lasifikar. Maganinsa ɗan guntun wayoyin tsallake ne da ake jonawa a soket ɗin, ya haɗa shiga da fita kai tsaye ya kuma ba makirufo wutarsa.

Wasu kan zaɓi cire eriya, suna ganin ya fi tsafta. Soket ɗin eriyar mota, wanda ake kira FAKRA, launi ne da shi: shuɗi galibi na GPS ne, mai ruwan jan algashi na layin waya, baƙi ko fari na rediyo. Amma na'urar 4G eriya biyu take da ita aƙalla, ɗaya a rufi, ɗaya a ɓoye cikin gaban mota ko a cikin akwatin kansa. Ka cire ɗaya, ka rage mata ji ne kawai. Ko duka ka cire, guntun ƙarfen soket ɗin kan isa ya kamo sabis idan an faka kusa da turken waya, kuma wasu na'urorin na tara bayanai su juye su duka a lokacin da suka samu hanya. Sannan na'urar da ta rasa eriya ba ta haƙura, ƙara ƙarfi take yi tana neman sabis, tana zafi, tana shan batir. Shi ya sa ake toshe kowane soket da ɗan marfin juriya mai om 50 (om ma'aunin juriyar lantarki ne), wanda ke shanye siginar, ya kuma sa na'urar ta zaci eriyarta na nan. Yana aiki, amma ban ɗauke shi tabbas ba. Na'urar toshe sabis kuwa kada a fara: haramun ce a dokar Amurka da Turai, kuma har wayar na kusa da kai take kashewa.

Tabbas ɗin shi ne cire akwatin, kuma a nan ne ake rasa ido garin gyaran gira. A kashe mota, a kwance kan batir na nagetif da sifana mai lamba 10, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa gaban mota, domin wutar da ta saura a tsarin jakar iska ta sauka. Duk soket mai ruwan ɗorawa na jakar iska ne, duk waya mai ruwan lemo a motar lantarki ko mai haɗin batir da fetur babbar wuta ce, a bar su. A ɓalle robobi da abin ɓallewa na roba, sukudireba na fasa maƙalai. Babban haɗarin yana kan layin da ƙwaƙwalen mota ke hira da juna, wato CAN. Idan akwatin reshe ne kawai a jikin layin, cire shi ba zai bar komai ba sai lambar kuskure. Idan kuwa layin ta cikinsa ya ratsa ya wuce, kamar yadda yake a wasu motocin General Motors, cirewa na tsinke hirar, fitilun gargaɗi su cika allo, wani lokaci mota ta ƙi tashi. Gwajin mai sauƙi ne: batir a kwance, a auna tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD, wanda ake jona na'urar binciken mota ƙarƙashin sitiyari. Kusan om 60 lafiya ce, domin akwai juriya biyu masu om 120 a ƙarshen layin biyu. Idan kafin cirewa 60 ne, bayan cirewa ya koma 120, an raba layin, sai an yi tsallake. Tsofaffin BMW da Mercedes da Audi kuma suna da zoben waya mai haske da ya zagaye na'urorin sauti. Ka cire ɗaya ba ka rufe zoben ba, rediyo da komai ya mutu.

Bayan an gama a tabbatar. A yi tuƙin kwana biyu ko uku, a duba manhajar kamfanin: idan nisan tafiya da wurin fakin sun daskare a inda suke, bakin ya rufu. Kada a gwada da danna maɓallin kiran agaji na SOS, domin idan na'urar na raye masu agaji na gaske za ka tasa. A kuma sani cewa an yi bankwana da kiran agaji, da tada mota daga waya, da neman ta idan an sace, da gyaran manhaja ta iska, don haka duk sanarwar janye mota sai an kai ta gareji da ƙafa. A motar lantarki asarar ta fi yawa. Motar haya ko ta bashi kuwa ba taka ba ce tukuna, a karanta yarjejeniya. Wani abin kuma: idan ka kashe akwatin ka bar mota tana jone da Wi-Fi na gida, ko wayarka na ɗauke da manhajojin da ke auna tuƙi, an gudu ne ba a tsira ba. Ƙarar da jihar Texas ta shigar da kamfanin inshora na Allstate da reshensa Arity a Janairun 2025 galibi a kan bayanan da aka kwasa daga wayoyin mutane take.

Ina wannan ya shafe mu, mu da yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne? Ta fuska biyu, kuma ba yadda ake zato ba. Motar da ta fito daga Amurka layinta na kamfanin wayar can ne, galibi ba ya samun shiga a nan, kuma waɗanda aka ƙera da 3G sun riga sun kurmance tun 2022 da AT&T da T-Mobile da Verizon suka rufe wannan tsari. Rahoto dai ba ta kaiwa. Amma tana iya ci gaba da neman sabis ɗin da babu shi dare da rana, ciwon da aka sani a wasu Subaru na 2016 zuwa 2018. Mai mota ya canza batir, ya zargi altaneta, ya sake canza batir, ɓarawon na bayan rediyo. Mai gyaran wutar mota ya sa mita a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kan batir na nagetif da wayarsa, ya danna maƙalan ƙofofi mota ta zaci a rufe suke, ya jira minti 30 zuwa 45 ƙwaƙwalen su yi barci. Kada a murɗa makulli a wannan hali, fiyus ɗin mitar zai ƙone. Ƙasa da miliamfiya 50 daidai ne. Idan ya tsaya a 200, to batir na asarar kusan amfiya-awa 5 kullum, mai ɗaukar 60 ba zai kai mako biyu a fake ba sai ya ƙare ƙarƙaf. A zare fiyus ɗin akwatin a ga ko lambar za ta faɗi. A irin wannan motar cire shi riba ce zalla, tunda kiran agajin nasa dama ba ya isa ko'ina.

Ɗan rahoton da ya fi kusa da mu shi ne tiraka, wato na'urar bin sawun mota, wadda dillali, ko tsohon mai mota, ko mai ba da mota da Adaidaita Sahu a biya a hankali ya sa. Ba ta fi kwalin ashana biyu ba, sim ɗin MTN ko Airtel ne a cikinta, wasu har da makirufo. Galibi waya huɗu ne: ja ta wuta, baƙa ta bodi, ɗaya ta makulli, ɗaya ta tafi wajen rile. Ana samun ta ƙarƙashin sitiyari, bayan akwatin fiyus, bayan rediyo, ko a hanyar wayar famfon mai. Alamarta sabon baƙin salatif a kan wayoyin kamfani, da haɗin da aka murɗa da hannu. Rilen nan shi ke kashe mota daga nesa: an yanke wayar famfon mai an bi da ita ta cikinsa. Wanda ya fizge tiraka da rilenta bai haɗa bakin wayar biyu ba, inji zai yi ta juyawa ba zai kama ba. A haɗa da dalma a rufe da robar zafi, murɗi da salatif na saki a kan hanya. Tana kuma da ɗan batirinta, da an yanke mata wuta take tura saƙo ga lambar da ke riƙe da ita.

A ƙasar da ake ƙwace mota da bindiga ba zan ce kowa ya cire tiraka ba, kuma wanda bai gama biyan bashi ba, cirewa cin amana ne. Tambayar ita ce wa ke riƙe da ita. A 2022 kamfanin tsaro na BitSight ya nuna cewa tirakar MiCODUS MV720 na zuwa da lambar sirri 123456, kuma ana iya yanke wa mota mai daga nesa ta raunin da ke cikinta. Ire-irenta masu araha da yawa da wannan lamba suke fitowa, kuma masu sakawa ba sa canzawa. Idan sim ɗin da sunan wanda ya saka aka yi masa rajista, lambarsa ce mai ba da umarni, asusun manhajar ma shi ya buɗe, to shi ne ke ganin inda matarka ta kai yara makaranta, shi ke da ikon kashe motar a tsakiyar hanyar Kaduna. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum ikon janye amincewarsa, amma ba ta san akwai akwati a bayan rediyonka ba. Ranar da aka gama biya, ko ranar da aka sayi motar hannu, a sa a buɗe ƙarƙashin sitiyari a gabanka. A sa sim mai rajista da NIN ɗinka, a canza lambar sirri, a goge tsohuwar lambar umarni a sa taka, a buɗe sabon asusu. Kuma a ci gaba da dubawa bayan an samu ta farko, domin masu ba da mota bashi kan sa biyu, ɗaya a inda za a gani, ɗaya a can cikin rufi ko bayan kujera.